Marigayin Ranar Asabar

A gidan ɗab'in da ke bayan tashar mota babu mai kiranta da sunanta. Tabarau suke ce mata, saboda gilashin idonta mai kauri kamar gindin kwalba, ita kuma ta daɗe da daina jin haushi. Teburinta yana can ƙurya, tsakanin tarin takardu da bango, inda iskar fanka ba ta kaiwa. A kawo mata hoto da rubutu, ta shirya su a kwamfuta, ta tura wa Mai Inji ya buga, shi ke nan aikinta. Da rana sai kowa ya fita cin abinci tare, ita ta ci nata a kan cinya tana kallon bango. Ba wariya suke nuna mata ba. Sun gayyace ta a farkon zuwanta, kunya ta sa ta ce a'a, su kuma suka ɗauka da gaske take.

Akwai wani abu a wannan sana'a da na waje ba zai yarda da shi ba: mai shirya rubutu ba ya karantawa. Haruffa yake gani, da tazarar da ke tsakaninsu, da inda layi ya karkace. Maganar kuwa daga ido take zarcewa zuwa yatsu, ba ta biyawa ta zuciya. Tabarau a gida mayyar littafi ce, ta sha ƙona tukunya saboda shafi ɗaya. Amma a wurin aiki ta taɓa shirya katin auren ɗan kawunta, har ta gyara masa waƙafi, ba ta san nasa ba ne sai da aka kawo musu katin gida.

Lokacin zaɓe ne, aiki ya yi musu yawa har Oga, mai wurin, ya daina zama a kujerarsa. Cikin 'yan takarar da take shirya wa fosta, wanda ta fi sani shi ne Likita, tsohon likitan yara da ya fito neman kujerar magajin gari, wanda kowa ke cewa shi zai ci. Ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba, amma ta san girarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu ɗagawa, ta san tabon da ke kumatunsa, don ita ke goge shi a kowace fosta. Ba ta da niyyar zaɓensa. Ba ta da niyyar zaɓen kowa ma. Layin zaɓe cike yake da mutane, ita kuwa mutane ne ba ta iya ba.

Ranar Laraba da yamma wani mutum ya shigo, turarensa ya riga shi isowa ƙuryarta. Ya miƙo mata filash ɗin da aikinsa ke ciki ta saman kafaɗa, ya tsaya a bayanta.

"Malama, aikin gaggawa ne. Yau nake so."

"Kowa ma yau yake so," in ji Mai Inji daga can gefe, yana goge tawada a wando. "Ban taɓa ganin wanda ya shigo nan ya ce jibi ba. Ranar da na gan shi zan aura masa ƙanwata."

Tabarau ta buɗe aikin. Hoton Likita ne da layuka kaɗan. Yatsunta suka kama hanya.

"An tsallake harafi a kalmar farko," ta ce a hankali. "In gyara?"

"Gyara."

"Baƙin layin gefen, siriri ko mai kauri?"

"Mai kauri."

"Tabon fa? In goge kamar kullum?"

Mutumin ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Bar masa abinsa wannan karon."

Da aka gama bugawa ya sa ta goge aikin daga kwamfuta yana kallo, ya kwashe har ɓatattun takardun da inji ya fara fitarwa. Mai Inji ya ce mai gyaɗar bakin ƙofa za ta yi fushi, don da su take ƙunshi. Mutumin ya ɗauki kayansa ya fita. Ita kuma ta jawo aiki na gaba, tallan makarantar koyon tuƙi.

A gida su biyu ne, ita da Baba. Tsohon direban bas ne, ƙarar inji ta cinye masa kunnuwa, don haka rediyonsa kullum a ƙure yake. Tana tsaye tana wanke kwanuka sai muryar Likita ta cika ɗakin, kai tsaye ake hira da shi, yana dariya, yana cewa sai sun haɗu ranar Asabar a filin da ke kusa da kasuwa. Sai ta ga yatsunta suna motsi a bakin roba, suna danna abin da babu. Ta tsaya tana kallonsu kamar na wani. Harafi bayan harafi suka sake bugo mata kalmar da ta gyara ɗazu.

Marigayi.

Sauran ya biyo baya da kansa. Marigayi Likitanmu. Ya rasu ranar Asabar, ga kwanan wata. Jininka ba zai tafi a banza ba. Kwanan watan na wannan Asabar ɗin ne, wadda ba ta zo ba tukuna.

Ta fito da kumfa a hannu ta durƙusa kusa da kujerar Baba.

"Baba, za a kashe Likita."

"Na'am?"

Ta ɗan ɗaga murya, sai ta tuna bangon da ke tsakaninsu da maƙwabta, wanda ko tarin juna suna ji ta cikinsa. Irin wannan magana ba a faɗinta da ƙarfi, Baba kuwa ba ya jin wadda ba ta da ƙarfi.

"Likita," ta sake cewa, tana nuna rediyo.

"Likita? Ba ki da lafiya ne, Auta?" Ya ɗora mata tafin hannu a goshi. "Aikin nan ne. Kallon kwamfuta dare da rana, dole kai ya yi ciwo. Sha magani ki kwanta."

Ta gyaɗa kai, ta koma ta ƙarasa wanke-wanke.

Da safe ta sami Oga yana buɗe shago. Ta faɗa masa a tsaye, tana tuntuɓe da kalmomi. Ya saurara har ƙarshe, ya duba titi hagu da dama, ya ja ta ciki.

"Ke kin gani, ni ban gani ba. Mai Inji, kai ka gani?"

"Ni tawada nake gani, Oga. Ko hoton uwata aka kawo, sai dai in ce baƙin ya yi yawa." Ya yi dariya, dariyar ta mutu a hanya, ya juya ya hau taɓa injin da bai lalace ba.

"To kin ji," in ji Oga. "Mu nan bugawa muke, ba karatu ba. Ranar da aka ji cewa muna karanta aikin mutane, ranar za mu rufe. Ina da yara, ke ma kina da tsoho. Zauna ki yi aikinki."

Ta zauna. Amma lokacin cin abinci, maimakon ta buɗe kwano, sai ta fita ta nufi ofishin 'yan sanda.

"To, Malama," in ji ɗan sandan da ke kan kanta, "wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"Wa aka ji wa ciwo?"

"Babu. Amma ranar Asabar…"

"Ina fostar?"

"Ya tafi da su duka."

"Sunansa?"

"Ban sani ba." Ta laluba kanta, ta rasa abin ƙarawa. "Yana da turare."

Wani ɗan sanda da ke kishingiɗe a benci ya fashe da dariya. "A rufe hanyoyin gari, a kamo mana duk mai ƙamshi!"

Na kan kantar bai yi dariya ba, kuma ba mugun mutum ba ne. Ya ajiye alƙalami ya ce, "Ƙanwata, ba ki saba da siyasa ba ne. 'Yan hamayya ne. Zaɓen da ya wuce har akwatin gawa aka yi wa wani, aka zaga da shi kasuwa, ga shi nan yanzu ya ƙara ƙiba. In sun ce marigayi, mutuwar siyasa suke nufi. Je ki gida ki kwantar da hankalinki."

Ta fito tana roƙon Allah ya sa gaskiyarsa ce. Ta yi ta juya maganar a hanya, tana so ta zauna mata, ta ƙi zama. Ta sha shirya fostocin zagi, ta san yadda suke. Masu zagi hoto mafi muni suke kawowa, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe. Wannan kuwa an zaɓo hoton da Likita ya ɗan sunkuyar da kai yana murmushi, kamar yana sauraron yaro. Wanda ya zaɓi hoton nan so yake mutane su yi kuka.

Ranar Juma'a ta ce wa Oga haƙorinta na ciwo, ta tafi ofishin jam'iyyar Likita. Wurin ya cika da matasa da tutoci da kujerun roba a jibge. Ta daɗe a tsaye a jikin bango kafin wata dattijuwa mai aikin sakatariya ta lura da ita, ta yafito ta.

"'Yar nan, tun ɗazu nake ganinki kamar an aiko ki kin manta saƙon. Zo zauna."

Ta zauna, ta fara da cewa akwai maganar da ta shafi ran Likita. Dattijuwar ta daina murmushi, ta riƙe mata hannu, hannunta da ɗumi. Tabarau ta ji hawaye na neman zubo mata, don tun Laraba wannan ce ta farko da ba ta yi mata kallon mai taɓin hankali ba.

"Kin kyauta da kika zo, 'yata. Irin wannan magana ba ni ake faɗa wa ba, akwai mai kula da ita. Bari in kira miki shugaban masu tsaronsa."

Ta fita. Tabarau ta zauna tana kallon hannayenta, tana jera maganar a ka. Ba ta ji takun kowa ba. Ƙamshin ne ya fara isowa.

"A'a, Malama mai kwamfuta!" in ji shi daga bayanta, daidai inda ya tsaya ranar Laraba. "Aiki ya yi kyau, kowa ya yaba."

"Au, kun san juna?" in ji dattijuwar.

"Ita ke mana fostoci. Hannunta da kyau, ga ta ba surutu." Ya zagayo ya zauna a bakin tebur, yana dubanta da fara'a. "Me ke tafe da ke?"

Ta dubi dattijuwar, dattijuwar na gyaɗa mata kai alamar ta faɗa, kada ta ji tsoro.

"Hula," ta ce. "Hular kamfe na zo karɓa."

"Shi ke nan? A ba ta biyu, har da ta Baba. A gaishe shi, Allah ya ƙara masa lafiyar kunne."

Ta fito da huluna biyu a hannu, ba ta san ta inda ta bi ta isa gida ba. A ƙofar ɗaki ta tsaya ta leƙa. Baba na zaune yana ɗinke maɓallin rigarsa, ya kai allurar kusa da hanci, bai ji shigowarta ba, kamar yadda ba zai ji shigowar kowa ba. Ta daɗe tana kallon bayan wuyansa. Ta gaya wa kanta cewa ta yi iya nata: ta faɗa wa Oga, ta faɗa wa hukuma, ta je har ofishin jam'iyyar. Likita ba danginta ba ne, ko ƙuri'arta ba ta yi masa alkawari ba. In ta yi shiru, gobe ta zo ta wuce, ba wanda zai taɓa cewa ta sani. Sai dai ita ce ta gyara masa harafin, ita ta tambayi kaurin baƙin layin, kuma duk faɗin garin nan, ban da masu shirin, ita kaɗai ke ɗauke da wannan Asabar a ciki.

Da safe ta ɗora wa Baba ruwan shayi, ta yi masa alama da hannu cewa ta tafi aiki. A hanya take ta maimaita jimlar da ta shirya: Likita, kada ka hau dandamali, za a kashe ka. Ta rage ta, ta ƙara ta, ta sake rage ta. Tun da take ba ta taɓa yin ihu a gaban mutane ba. Muryarta mai ƙarfi ta Baba ce kawai, ita ma kalma ɗaya-ɗaya ce: abinci, magani, ruwa.

Filin ya cika tun kafin rana ta take. Kiɗa daga lasifika, yara a kan katanga, masu sayar da ruwa na kutsawa. Ƙaramin jiki ya yi mata rana. Ta bi ta ƙarƙashin hammatan mutane, ana taka ta tana ba da haƙuri, har ta isa jikin igiyar da aka ja daga inda mota za ta tsaya zuwa matakalar dandamali. Ta riƙe igiyar da hannu biyu. Tsallaken filin akwai wani dogon bene da ba a gama ginawa ba, tagoginsa a buɗe, baƙi ƙirin. Ta hana kanta kallonsu, idonta ya ƙi hanuwa.

Motoci suka iso, fili ya ɗauki ihu. Likita ya fito. Ashe gajere ne. Ga tabon nan a kumatunsa, ga girar, yana tafe yana miƙa hannu dama da hagu. Mai turaren na bayansa, sai ta ga yana rage sauri, yana barin tazara tsakaninsu, kamar da gangan. Ko kuwa cunkoso ne kawai ya tare shi? Ba ta sani ba. Likita ya matso har tana iya ganin gumin goshinsa.

Ta buɗe baki, jimlar ta ɓace. Ta yi mata tsawo, babu numfashin da zai ɗauke ta. A daidai lokacin lasifika ta yi wata ƙara ta ɗauke, kiɗa ya yanke, kuma abin da ya rage a bakinta kalma ɗaya ce, wadda ta kwana uku tana yawo a yatsunta. Ta fito da irin muryar da take kiran Baba.

"Marigayi!"

Na kusa da ita suka juyo.

"Marigayi! Marigayi!"

Likita ya tsaya cak. Ya dube ta, ba da fushi ba, kallon likitan da ya ji wani tari da bai yi masa daɗi ba. Ta so ta ƙara ko da kalma ɗaya ta bayani. Mari ya riga ta. Gilashinta ya yi sama, duniya ta narke ta zama launuka.

"'Yar hamayya ce!"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi, la'ananniya!"

"Turo su aka yi, suna da yawa, ga wasu can!"

Aka fara jifa da kujeru, waɗanda ba su san me ya faru ba suka fi kowa duka. Igiyar ta tsinke, barkonon tsohuwa ya turnuƙe wurin. Tana ƙasa, ta rufe kai da hannaye, ana bi ta kanta, sai ta jiyo muryar wani tsoho yana cewa, "Ranka ya daɗe, mota! Shiga mota na ce!" Ƙofa ta rufu, inji ya tashi, ƙarar ta yi nisa. Ta kasa kunne tana jiran wata ƙarar daban, ta bindiga. Ba ta zo ba. Da 'yan sanda suka ɗaga ta, leɓenta a fashe, sun yi mamakin ganin ba ta turje ba.

Washegari da safe aka sake ta. Wata 'yar sanda ta buɗe mata ƙofa tana yatsina fuska.

"Kin ci sa'a. Ya ce a rediyo ya yafe wa yarinyar da aka yi amfani da ita. Mutumin kirki irin wannan, ko kunya ba ki ji ba."

"Yana da rai?"

"Ji min yarinya! Haushi kike ji?"

"Don Allah, yana da rai?"

"Ras yake. Fita."

A waje wani mutum na tsaye a gindin bishiya da leda a hannu. Ba gilashi a idonta, sai da ya yi magana ta gane Mai Inji ne.

"Kayan teburinki ne. Oga ya ce ki huta tukuna, shi zai neme ki." Ya miƙa mata ba tare da ya matso sosai ba. "Na biya ta gidanku jiya, na ce wa tsoho aikin dare ya riƙe ki. Sai da na tara masa unguwa kafin ya ji." Ya murza ƙasa da takalmi. Babu wasa a muryarsa yau. "Tabarau, tsakaninki da Allah, da gaske ne abin nan?"

"Ban sani ba."

"To ai ba abin da ya faru."

"Eh," ta ce. "Ba abin da ya faru."

Ya ce Allah ya kyauta, ya tsallaka titi da sauri.

A wurin jiran bas wata mata ta dubi wayarta, inda hoton abin da ya faru jiya ke yawo, ta dubi Tabarau, ta sake duban wayar, sannan ta jawo 'yarta jikinta ta matsa can ƙarshen benci. Tabarau ta tashi ta kama hanya a ƙafa, tana bin gefen kwata a hankali don kada ta faɗa. In da akwai mutum a benen nan jiya, to ya sauko ya tafi gida ya ci abinci kamar kowa. In kuma babu, to ita yarinya ce da ta yi wa mutumin kirki mugun baki a gaban dubban jama'a. Daga waje duka biyun kamarsu ɗaya, kuma babu wanda za ta tambaya. Shi mai turaren yana nan a bayan Likita, ƙila ma yau an ƙara yarda da shi.

Ta zo wucewa ta gaban teburin wani mai shayi, rediyonsa a rataye a ƙusa. Muryar Likita ce, yana dariya, yana cewa ba wanda zai tsorata shi, taron da aka fasa za a sake shi a wannan filin dai, ranar… Mai shayin ya miƙa hannu ya murɗa, waƙa ta maye wurin.

Ta tsaya, ledar a ƙirjinta.

"Malam, don Allah wace rana ya ce?"

"Wa?"

"Likita. Taron."

"Oho musu," in ji mai shayin, yana ɗaga kofi sama yana tsiyaya. "Ni ba na sauraron su. Shayi za ki sha, ko hanya za ki ba mutane?"

Ta matsa gefe, ta ba mutane hanya.